Kabari Na Huɗu Daga Gindin Marke

Lahadi, 3 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Bayan an tashi daga sujada Fasto Barnaba ya ce manya su ɗan tsaya. Maganar maƙabartarmu ce. Kwazazzabon da ruwan bara ya tsaga a bayan gonar Mamuda, kafintan garinmu, ya yi ta cin ƙasa, yanzu saura taku shida ya kai kabarin farko. Dattawan coci sun je sun auna jiya. In aka bari damina ta sauka, ruwa zai kwashi mutanenmu ya kai su rafi. Kabari goma sha ɗaya ne. An tsai da shawara a ɗauke su kafin Ista.

Da aka zo kan wanda zai kula da abin da za a tarar a ciki, kowa ya sunkuyar da kai. Fasto ya juyo gare ni ya ce, tunda na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin ungozoma tsakanin Roni da Gwiwa, ko zan iya. Ban jira ya ƙarasa ba na ce zan iya. Na lissafa musu abin da za a nema: safar hannu, takunkumi, farin yadi, sabulu, da ƙananan akwatuna. Na ce musu ƙashi ƙashi ne, ba ya cizo.

Matan zumuntar coci suka yi ta cewa Allah ya ƙara mini ƙarfin zuciya. Malam Filibus, maigidana, ya yi gaba, na bi shi a baya. Da muka iso gida ya ɗauki bokiti ya tafi ba awaki ruwa, alhali ya ba su kafin mu fita.

Na san aikina. Zan yi shi yadda ya kamata.

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Na huɗu ne daga gindin marke. Ba sai na je na ƙirga ba.

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

An samu wuri. Maƙwabcinmu Muhammad Sani ne ya zo da kansa ya yi sallama da Malam a ƙofar gida. Ya ce ya ji abin da ake ciki, kuma gefen gonarsa da ke gindin dutse ƙasar tana da tauri, ruwa ba ya kwanciya a wurin. Ya ce mu ɗauka. Suka je gaban dagaci aka kafa shaidu, aka dasa duwatsu a iyaka.

Na fita na yi masa godiya. Ya ce in bar godiyar, 'ya'yansa uku a hannuna suka faɗo duniya, ɗaya ma da ƙafa ya fito. Ya ƙara da cewa ai dole a adana waɗanda suka riga mu, su kwanta lafiya har ranar da Allah zai tashe mu duka.

Ya faɗi haka kamar mai cewa gobe kasuwa ce. Mu da su, garin nan kowa ya tabbata za a tashi. Na ce amin. Amin ba ta da wuyar faɗa.

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Zan rubuta wannan sau ɗaya, tunda ba mai buɗe littafin nan sai ni.

Duk Lahadi in muka miƙe muna faɗin shaidar bangaskiya, muryata tana cikin waɗanda suka fi fita. Ina bi tiryan-tiryan har a iso wurin tashin jiki. A nan sai in motsa leɓe kawai, in jira a wuce, in kama amin tare da kowa. Shekara huɗu ke nan.

Ban bar Allah ba. Ina addu'a safe da yamma. Ban ce Yesu bai zo ba, ban ce bai mutu ba. Amma na rufe wa mutane ido da hannuna, ban san iyakarsu ba. Na san lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya yi sanyi, na san abin da zafin bazara ke yi masa in aka yi jinkiri. Ba wanda na rufe wa ido da ya sake buɗewa. A wurin aiki ban taɓa rubuta wa mace abin da ban auna ba a katinta, ko da likita yana tsaye a kaina yana gaggawa. Abin da ban gani ba, ba na sa hannu a kansa.

Ba fushi nake ba. Gaskiya kawai nake so in tsaya a kai, ko da ba ta da daɗi.

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Na je Kazaure sayayya. Jiya aka ɗauki azumi, kasuwa ta yi tsit, masu shaguna duk sun lafe a inuwa. Na samu safar hannu da takunkumi a kemis, na wuce wurin mai yadi. Ya yanka mini goma sha ɗaya. Na ce ya ƙara rabin yadi daban. Ya tambaya na mene ne, na ce ya dai yanka.

Dawowa motar ta bi ta wurin nan, bayan gada, inda muka tsaya ran nan. Yanzu wani mai faci ne ya kafa rumfa a gindin bishiyar. Yana zaune yana sauraron rediyo. Bai san komai ba, ba kuma laifinsa ba ne. Matar da ke kusa da ni ta ce ko mota ce ke juya mini ciki, ta miƙo mini lemon tsami. Na karɓa na gode.

Na daɗe ina kallon hannuwana. Su ne dai.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mamuda ya kawo akwatunan a amalanke, goma sha ɗaya. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu, na gane so yake ya tambaya ko a ƙara na goma sha biyu. Na ce masa a'a. Tare na kwantar da su, uwa da jaririyarta, tare za su koma.

Litinin, 18 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yau muka fara. Mun ɗauki uku, mafi daɗewa. Maza suna haƙa har su kai itatuwan da aka jera, sannan in sauka. Aikin ya tafi daidai, ba wanda ya suma, ba wanda ya gudu.

Na biyun na Baba Dogo ne, mijin Inna Tasalla. Yana cikin mutanen farko da suka karɓi bishara a garin nan, ya fi shekara arba'in a kwance. Inna ta ƙi zama a gida. Aka kawo mata kujera gindin marke, ta dogara da sandarta tana kallo. Na sauka na duba ko'ina. Baƙar ƙasa ce kawai, sai haƙora biyu da zoben ƙarfe. Na zuba a kan yadi na kai mata, ina tunanin yadda zan lallashe ta.

Ta leƙa, ta taɓa zoben da yatsa, ta yi dariya. Ta ce da ma can bai cika jiki ba. Ta ce in naɗe shi da kyau, ba ya son sanyi.

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Na ce, "Inna, wannan ne zai tashi?"

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Tabita, yara nawa kika karɓa da hannunki?"

Na ce ban ƙirga ba, sun haura dubu.

"Shekara guda kafin ki karɓe su, ina suke?"

Na ce wannan daban ne, na san yadda ciki ke samuwa, na karanta shi, na koyar da shi.

"To tunda kin sani, yi mini ɗan yatsa ɗaya in gani."

Mazan da ke kusa suka kwashe da dariya, sun zaci raha muke. Ni ma na yi dariya. Ba amsa ba ce wannan, wayon tsofaffi ne. Amma har na dawo gida na yi wanka na ci tuwo, maganar tana nan kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Mun yi magana da Malam, irin wadda ba mu yi ba tun shekarar nan.

Bayan mun sha koko ya ce ba ya so in sauka na huɗun. A bar wa Mamuda da sauran maza. Na ce wa zai san abin da zai ɗauka da abin da zai bari? Za su kwasa da shebur kamar masu kwasar yashi. Ya ce ba wannan ne ya dame shi ba.

"Na san ba kya faɗa," in ji shi.

Na yi kamar ban gane ba. Ya ce a gaba yake zama tare da dattawa, yana fuskantar jama'a, shekara huɗu yana kallon bakina duk Lahadi. Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce ba shi da abin da zai faɗa mini wanda ban sani ba. Shi ya sa in an zo wurin yake ɗaga murya, yana faɗin na mutum biyu.

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai ya ce ba wanda yake ganin laifina a kan awowin nan da 'yarmu ta yi tana naƙuda a hannuna, shi bai taɓa gani ba, mijinta ma bai gani ba. Na ce kada ya taɓo mini maganar awowin nan. Na san abin da na yi da lokacin da na yi shi, na san ƙarfe nawa na ce a nemo mota. Ba na buƙatar a wanke ni.

Na ɗauki jakata na tafi maƙabarta. Mun ɗauki biyu.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Biyu yau ma. Na tsara aikin yadda na huɗun zai zama shi ne na ƙarshe. Kowa ya lura.

Lahadi, 24 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Yau yara suka zaga coci da ganyen dabino. Bayan an watse na tsai da Fasto a gindin darbejiya, na ce ya nemi wadda za ta ja waƙar mata ranar Ista a maimakona. Ya tambayi dalili, na faɗa masa duka, ban rage ba. Na ce ba zan tsaya a gaban mutane ina rera abin da ban yarda da shi ba.

Yaro ne, ko Yarinyar tawa ta girme shi da shekara biyu. Na zaci zai firgita, ko ya fara jero mini ayoyi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a kan benci. Can ya tambaye ni, matan da suka yi sammako zuwa kabarin Almasihu, me suka riƙe a hannu? Na ce turare da man shafa gawa.

Ya ce, "Kin gani, Mama. Ba wadda ta tafi da ruwan sha ko abinci. Gawa suka je tararwa. Ba su je da bangaskiya ba, da aikinsu suka je, irin naki."

Na ce su ai sun gani da idonsu, ni fa? Ya ce wannan gaskiya ne, kuma shi ba zai iya sa mini abu a zuciya ba, ƙarya ce in ya ce zai iya. Amma ba zai cire ni ba tukuna. Ya ce in yi aikin ranar Alhamis, maganar waƙa mu bar ta har Asabar.

Na ce masa kuskure yake yi. Ya ce mai yiwuwa. Na ji daɗi da bai yi mini wa'azi ba.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Goma sun koma gindin dutse. Saura ɗaya.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ishaya, mijinta, ya iso daga Babura. Har yanzu yana nan a kasuwar hatsi. Ya durƙusa ya gaishe mu kamar ranar da ya fara zuwa gidan nan, sai dai furfura ta fara fito masa a gemu. Ya ce matarsa Keziya za ta biyo shi ranar Asabar. Mu muka matsa masa ya sake aure shekara biyu da suka wuce, ban kuma yi nadama ba.

Ya tambaya ko zai iya tsayawa gobe. Na ce shi zai fara saran ƙasar.

Na goge safar hannu, na ninke yadin da rabin yadin. Na san aikina.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta tun ban manta komai ba.

Mun fara ƙarfe shida na safe. Ishaya da Mamuda suka haƙa har suka kai itatuwa, na ce su fito. Kafin hantsi rana ta buɗe sosai. Muhammad Sani ya zo da zana biyu zai yi mana rumfa, ƙasa ta ƙi karɓar sanda, sai ya tsaya ya riƙe da hannunsa, shi da Fasto. Ga Muhammad Sani da azumi a bakinsa. Na ce ya je ya huta, ya ce in yi abin da ke gabana.

Na sauka. Na ɗaga itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Zanen da na naɗe ta da shi saura 'yan tsumma. Tana kwance yadda na kwantar da ita, a gefenta na dama, jaririyar tana cikin lanƙwasar hannunta inda na sa ta.

Na shirya wa ganin ƙashi, kamar goman da suka wuce. Na share ƙasa daga fuskar da tafin hannuna, sai ga wushiryarta. Haƙoran nan biyu na gaba da ratar da ke tsakaninsu, wadda take rufewa da hannu in tana dariya. Na gane ta. Da za a haɗa ta da mutum dubu zan fitar da ita.

'Yar fari ce. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, Yarinya nake cewa, kamar yadda uwata ta yi wa yayana. Ko ran nan a cikin mota, kanta yana kan cinyata, Yarinya nake ta cewa. Yau na buɗe baki na ce, "Lidiya." Duk wanda ke sama ya ji.

Ban ga lokacin da Malam ya sauko ba. Na dai ji gwiwarsa kusa da tawa.

Nata bai ba mu wuya ba. Na jaririyar ne ya baje cikin ƙasa, wasu kamar tsinken tsintsiya, wasu ba su kai ƙwayar dawa ba. Na ce a kawo mini rariya daga gida. Malam yana ɗebo ƙasa da kwano, ni ina tankaɗewa, ina jerawa a kan rabin yadin. Azahar ta yi, ta wuce. Mamuda ya leƙo ya ce, Mama, ya isa haka, abin da ya rage ƙasa ce. Na ce na san adadin ƙasusuwan hannu, na hagu saura biyu, ba zan fita ba sai da su. Na samu ɗaya. Ɗayan Malam ne ya same shi a cikin curin gara, ya murje da yatsa ya miƙo mini a tafin hannunsa.

Ina cikin tankaɗen nan ne na ji ina tambayar kaina. Ba ni ce na ce ƙashi ƙashi ne ba? Yarinyar da ba ta taɓa shan iskar duniya ba, me zai dame ta in an bar mata guntun yatsa a rami? Amma hannuwana sun ƙi tsayawa. Ni tsohuwa ce, idona ya rage gani, gwiwata tana ciwo, ga shi na kasa barin abin da bai kai ƙwayar dawa ba. Ina na samo wannan halin? Ba ni na yi wa kaina shi ba. In ni da na karɓe su kawai ban yarda in bar ko ɗaya ba, shi da ya ƙera su fa?

Na san wannan ba hujja ba ce. Amma cikin shekara huɗu yau ne tambayar ta fara juyowa ta ɗaya gefen.

Mun rufe su a gindin dutse bayan la'asar, akwati ɗaya. Ishaya ya yi kuka, na riƙe shi. Muhammad Sani ya naɗe zanarsa ya tafi shirin shan ruwa, leɓensa duk ya tsage.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Yau aka karanta labarin gicciye. Na fi shekara hamsin ina jin sa, amma yau da kunnen ma'aikaciyar asibiti na saurara. Ƙishirwa, tsawon awowin, yadda numfashi ke yankewa, mashin da aka soka jini da ruwa suka fito. Wanda ya ba da wannan labarin ya ga gawa da idonsa. Ba suma ba ce. Sun sauke shi, sun naɗe shi da yadi, sun kwantar da shi, sun rufe suka koma gida, kamar yadda na yi.

Kuma waɗannan mutanen dai su ne suka ce sun gan shi bayan kwana uku. Abin da ya tsaya mini shi ne ba su ɓoye abin kunyarsu ba. Sun faɗa cewa sun gudu, sun kulle ƙofa, sun ƙaryata matan, ɗayansu har ya rantse sai ya sa yatsa a raunin. Na yi shekaru ina sauraron mutane suna ba ni labarin yadda ciwo ya fara. Na san mai ƙarya: ba ya taɓa faɗin wurin da shi ne ya yi laifi.

Shekara huɗu ina ganin kamar daga nesa yake yi mana maganar mutuwa. Yau na gane ya kwanta inda ta kwanta.

Na yi kuka a cikin coci, da rana tsaka, a gaban kowa. Ban damu ba.

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na aika wa Fasto cewa kada ya nemi kowa. Keziya ta iso. Sauran yinin na zauna a inuwa, Malam ya zauna kusa da ni.

Lahadi, 31 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Gari yana wayewa muka taru a sabuwar maƙabarta, kaburbura goma sha ɗaya a jere, ƙasarsu ja. Na ja waƙa, mata suka amsa, aka buga tulu da kacau-kacau har rana ta fito ta bayan dutse. Sannan Fasto ya ce mu faɗi shaidar bangaskiya a nan inda muke tsaye.

Muka fara. Ina jin wurin yana matsowa. Da muka iso, bakina ya buɗe na faɗa. Ba da ƙarfi ba, amma da murya. Ban ga haske ba, ban ji wani abu ya sauko mini ba, gwiwata ma ba ta daina ciwo ba. Na faɗa ne don na yarda. Almasihu ya tashi da jikin nan da aka soka, Lidiya za ta tashi da nata, ita da 'yarta. Ban san yadda za a yi ba. Yadda ake yin ɗan yatsa ma ban sani ba, ga shi na riƙe dubbai.

Malam yana can ɓangaren maza. Bai dube ni ba, amma na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Awowin nan suna nan, ban ce sun tafi ba. Watakila har in mutu zan riƙa ƙirga su. Sai dai yanzu na san ba su ne ƙarshen zancen ba.

Da muke dawowa Inna Tasalla ta kama hannuna, na zaci za ta ce wani abu babba. Ta ce muryata ta dushe, in nemi zuma in sha. Na dafa shinkafa da zabi, an ware na gidan Muhammad Sani a kai musu kafin magariba.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu na rana

Keziya yarinyar kirki ce, amma tun da ta zo take tafiya a gidan nan kamar mai tsoron taka wani abu. Ba ta zama a kujerar da ke bakin ɗaki, ina jin wani ya faɗa mata ta wace ce. Yau da safe Malam da Ishaya suka tafi gindin dutse su zagaye wurin da ƙaya saboda awaki, muka rage mu biyu muna ɓarar gyaɗa. Na lura tana ta haɗiye magana. Na ce ta faɗa, ba na cin mutane.

Ta ce tun ranar Lahadi ba ta samu sukuni ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, in Yaya Lidiya ta tashi ran nan, ni a ina zan tsaya?"

Dariya ta kama ni har gyaɗa ta zube daga zanena. Ta tsorata, na ce ba ita nake wa ba. Na fara yi mata bayanin abin da aka koya mana, cewa a can ba aure irin na nan, ba tawa ba taki. Tana gyaɗa kai, amma na ga bai shige ta ba. Ba koyarwa ta zo nema ba.

Sai na ce mata, "Kusa da ni za ki tsaya. Da zarar ta tashi zan kama hannunki in kai ki ku gaisa, in ce mata ga wadda ta riƙe mana Ishaya bai lalace ba. Tana da saurin sabo, ga surutu. Za ki gaji da ita."

Ta yi murmushi, ta share ido da gefen ɗankwali. Ta tattara gyaɗar a faifai ta shiga da ita madafa, da ta fito kuma ta jawo kujerar bakin ɗakin ta zauna.

Sai da na ɗauki biro yanzu na lura da wani abu. Ita ta ce "in ta tashi". Ni ban ce "in" ba.